ROD SERLING: MAWALLAFIN DA AKA HANA MA FAƊIN GASKIYA, YA SAKA TA CIKIN TATSUNIYA

Idan dare ya yi aka taru gaban akwatin talabijin ana kallon wasan kwaikwayo, ƴan wasa ake gani, su ake yabo, sunayensu ne yara ke riƙewa. Mutumin da ya zauna shi kaɗai cikin ɗaki ya tsara labarin, ya sa ma kowane ɗan wasa magana a baki, ba kasafai ake tambayar sunansa ba. Alhali kuwa in babu shi babu wasan. Yau za mu kawo muku tarihin ɗaya daga cikin mutanen farko da suka riƙi wannan aiki sana'a, wani ɗan ƙasar Amurka mai suna Rod Serling. Tarihinsa yana nuna mana abin da ke samun mai alƙalami in ya ci karo da mai kuɗi, da kuma dabarar da ya yi har maganarsa ta isa kunnen jama'a.

YARINTA DA YAƘI

An haifi Rod Serling ran 25 ga watan Disamba na shekara ta 1924 a garin Syracuse, cikin jihar Niyok. Iyayensa Yahudawa ne masu matsakaicin hali. Yana da shekara biyu suka ƙaura zuwa wani gari mai suna Binghamton, inda ubansa ya yi sana'ar kanti da ta fawa. Tun yana ƙarami surutu gare shi, da son kwaikwayon abin da ya ji a rediyo ko ya gani a sinima, har ubansa ya gina masa ɗan dandali a ɗakin ƙarƙashin gidansu don ya riƙa wasa.

Ya gama lakwal cikin watan farko na 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu. Washegari ya je ya ba da kansa aikin soja. Ko da yake gajere ne ƙwarai, ya nace sai da aka sa shi cikin sojan laima, masu dira daga jirgin sama. A barikin soja ya koyi damben Turawa, har aka karya masa hanci. Shi Jamus ya so a kai shi don ya yaƙi Hitila, amma sai aka tura rundunarsu gabas, wajen yaƙi da Japan. Ya yi yaƙi a tsibirin Leyte na ƙasar Filifin cikin 1944, ya kuma shiga yaƙin ƙwatar birnin Manila cikin 1945, inda aka yi ta ɗauki ba daɗi gida gida. An yi masa rauni a wuyan hannu da gwiwa. Wata rana a gaban idonsa wani akwatin abinci da jirginsu ya jefo musu daga sama ya faɗa kan wani abokinsa, ya kashe shi nan take. Yana can gabas kuma ubansa ya rasu, bai samu halartar jana'iza ba.

An sallame shi cikin 1946 da lambobin yabo a ƙirji, amma barcinsa bai sake zama daidai ba: munanan mafarkan yaƙi sun bi shi har ƙarshen ransa. Ya sha faɗin cewa don ya fitar da ɗacin da yaƙi ya bar masa a zuciya ne ya kama rubutu.

DAGA REDIYO ZUWA TALABIJIN

Gwamnatin Amurka ta yi doka ta biya ma tsofaffin soja kuɗin karatu. Da wannan kuɗi Serling ya shiga makarantar Antioch cikin jihar Ohayo, ya karanta adabi, yana kuma rubuta wasanni ma gidan rediyon makaranta. A can ya gamu da Carol Kramer, suka yi aure cikin 1948, daga baya suka haifi ƴaƴa mata biyu. Kuɗi ba su isa ba, har ya kai ga yin aikin gwada sababbin laimomin soja: a biya shi, ya dira daga jirgi a ga ko laimar za ta buɗe. Cikin 1949 wani wasa da ya aika gasar rediyo ya ciyo masa dalar Amurka 500. Da ya gama karatu cikin 1950 ya samu aiki a wani gidan rediyo na birnin Cincinnati. Da rana yana rubuta tallace-tallace, da dare ya zauna teburin ɗakin girki yana rubuta wasanninsa, yana aikawa Niyok. Da yawa an maido masa su ba a saya ba.

A nan ya kamata mu bayyana yadda talabijin take a wancan zamani. Cikin 1950, gida 9 kawai cikin 100 ke da akwatin talabijin a Amurka; kafin 1960 kusan gida 9 cikin 10 sun mallake ta. Gidajen talabijin na can kuma ba na gwamnati ba ne, na ƴan kasuwa ne. Babu na'urar naɗar hoto mai sauƙi irin ta yau, saboda haka yawancin wasanni kai tsaye ake yin su: ƴan wasa suna cikin ɗaki a Niyok suna yi, jama'a suna gani a gidajensu a wannan lokacin. Wanda ya manta maganarsa ko ya yi tuntuɓe, duk ƙasa ta gani. Kowane mako kuma sai an kawo sabon wasa, ga shi manyan mawallafa sun rena talabijin, sun fi son littafi da sinima. Wannan ya buɗe ma samari ƙofa, irin su Paddy Chayefsky da Reginald Rose da shi Serling. Cikin 1952 ya bar aikin albashi ya dogara ga alƙalaminsa kaɗai, ba da jimawa ba ya kwashe iyalinsa ya koma kusa da Niyok.

DAREN DA SUNANSA YA FITO

Ran 12 ga watan farko na 1955, gidan talabijin na NBC ya nuna wasansa mai suna Patterns. Labarin wani babban kampani ne. An kawo wani saurayi mai ƙwazo an ba shi babban matsayi, ya yi abota da wani dattijo da ya daɗe yana ma kampanin bauta. Sannu a hankali saurayin ya gane cewa an kawo shi ne don ya maye gurbin dattijon. Shugaban kampanin kuwa ba ya son ya kori tsohon da bakinsa, sai ya riƙa wulaƙanta shi a gaban mutane don ya gaji ya tafi da kansa. Tsoho ya ƙi tafiya, har zuciyarsa ta buga ya mutu. Saurayi ya shiga ofishin shugaba da niyyar ajiye aiki, amma ya fito da sabon matsayin a hannunsa, da sharaɗin zai riƙa ja da shugaban kullum. Mai kallo shi aka bar ma hukunci: jarumta ce ya yi, ko kwaɗayi ne ya ci shi?

Ma'aikata da yawa sun ga kansu cikin wannan wasa. Jaridu suka yaba, jama'a suka nemi a sake, har aka tara ƴan wasan ran 9 ga wata na biyu suka sake yin sa kai tsaye, abin da ba a saba yi ba. Wasan ya ciyo ma Serling lambar Emmy, wadda ita ce babbar lambar yabo ta talabijin a Amurka.

Cikin watan Oktoba na 1956 ya ƙara da Requiem for a Heavyweight, wasan minti 90 da gidan CBS ya nuna. Wani ɗan dambe ne da ya kwashe shekaru yana shan naushi, har likita ya ce in ya sake shiga fili zai iya makancewa. Ba shi da wata sana'a. Ubangidansa, wanda ya amince da shi kamar uba, ashe ya yi caca cewa za a kayar da shi da wuri, kuma yanzu yana son ya maida shi abin dariya a fagen kokawar wasa don ya biya bashinsa. Serling ya san ƙamshin ɗakin ƴan dambe, shi ya sa wasan ya shiga jikin mutane. Da aka maida shi fim cikin 1962, saurayin da ke dukan tsohon ɗan damben a farkon fim ɗin shi ne Cassius Clay, wanda duniya ta sani daga baya da sunan Muhammad Ali. Wannan wasa da wani na 1957 sun ƙara masa lambar Emmy biyu.

MAI BIYA SHI KE DA MAGANA

To, a nan ne wahala ta soma. A tsarin wancan lokaci, kampani guda ne ke biyan kuɗin shiri dukansa don a yi masa talla, kuma wakilansa suna karanta takardar wasa kafin a nuna. Abin da ba su so, su soke. Wani lokaci abin ma na ban dariya ne. Cikin wasan ɗan damben nan akwai inda wani ya roƙi ashana. Aka soke maganar domin mai biyan kuɗin birike yake sayarwa. Cikin 1956 Serling ya rubuta wasa a kan majalisar dattawan Amurka, aka hana ƴan majalisar cikin wasan ambaton kowace matsala ta gaske da ƙasar ke ciki, suka zama masu ihu a kan abin da ba wanda ya gane. Wani lokaci kuma abin ba na dariya ba ne: cikin 1959, a wani wasa na wani mawallafi a kan shari'ar ƴan Nazi, an kashe murya duk inda aka ambaci iskar gas da aka halaka Yahudawa da ita, domin kampanonin gas ne ke biyan kuɗin shirin.

Abin da ya fi ƙona ma Serling rai shi ne zancen Emmett Till. Wannan yaro baƙar fata ne ɗan shekara 14 daga birnin Shikago. Cikin wata na takwas na 1955 ya je hutu wurin danginsa a jihar Misisipi, a kudancin Amurka, inda dokokin wariyar launin fata ke aiki. Aka zarge shi da yi ma wata farar mata rashin kunya a kanti. Mijinta da ɗan'uwansa suka ɗauke shi da dare, suka azabtar da shi, suka harbe shi, suka jefa gawar cikin kogi. Uwarsa ta ce a bar akwatin gawa buɗe don duniya ta ga abin da aka yi ma ɗanta. Cikin watan Satumba aka yi shari'a; mutum 12 masu yanke hukunci, dukansu farare, suka wanke mutanen biyu bayan shawarar da ba ta wuce sa'a guda da ƴan mintoci ba. Bayan wata huɗu, da yake doka ta hana a sake yi musu shari'a, suka faɗa ma wata mujalla da bakinsu cewa su suka kashe shi, aka biya su kuɗin labarin.

Serling ya ga cewa laifin bai tsaya ga mutum biyu ba, ya haɗa da garin da ya rufa musu asiri. Ya rubuta wasa mai suna Noon on Doomsday. Da yake ya san ba za a yarda da baƙar fata ba, tun farko ya maida wanda aka kashe wani tsohon Bayahude. Duk da haka, da labari ya fita a jarida cewa kisan Till ne tushen wasan, ƙungiyoyin farare na kudu suka yi ta aiko da wasiƙu dubbai, suna barazanar daina sayen kayan kampanin ƙarfe na U.S. Steel, wanda ke biyan kuɗin shirin. Kampani ya tsorata. Aka ɗauke labarin daga kudu aka kai shi arewa maso gabas. Wanda aka kashe ya zama wani baƙo da ba a faɗi asalinsa ba. Aka tsince duk wata kalma mai kama da karin harshen kudu, har kwalaben Coca-Cola aka kwashe daga dandali don kada su tuna ma mutane da kudu. Abin da aka nuna cikin wata na huɗu na 1956 gangar jiki ce ba rai.

Bai haƙura ba. Cikin 1958 ya sake gwadawa da A Town Has Turned to Dust. Wannan karon aka tura labarin baya zuwa shekarun 1870, aka kai shi yammacin ƙasar, yaron da aka rataye ya zama ɗan Meksiko. Sau biyu ke nan ana hana shi faɗin abin da kowa ya riga ya karanta a jarida.

DABARAR GIZO

Mu da muka tashi da tatsuniya mun san cewa abin da ba a iya faɗa ma sarki a fada, ana iya sa shi a bakin gizo da kura, kowa ya yi dariya, mai hankali kuma ya gane. Wannan dabara ce Serling ya kama. Ya lura cewa wakilan kampanoni suna tsoron sunan jiha da sunan jam'iyya da launin fata, amma ba su damu da abin da halittar wata duniya ta faɗa ba. Sai ya kafa kampaninsa, ya shirya da CBS a kan wani jerin gajerun wasanni na almara, kowane da labarinsa, yawanci na rabin sa'a. Ya sa masa suna The Twilight Zone, ma'ana wurin da ke tsakanin haske da duhu, kamar almuru. A ƙasashe masu magana da Faransanci an san shi da sunan La Quatrième Dimension. An soma nuna shi ran 2 ga watan Oktoba na 1959. Mutane da dama sun ce Serling ya sauka daga babban aiki ya koma wasan yara, shi kuwa bai yi gardama da su sosai ba, domin hakan ya fi masa amfani.

Mu duba kaɗan daga cikin abin da ya shigar ta wannan ƙofa. Cikin watan Maris na 1960 aka nuna labarin wata unguwa mai zaman lafiya da wutar lantarki ta ɗauke mata, motoci suka ƙi tashi. Wani yaro ya ce ya karanta cewa halittun wata duniya sukan aiko ƴan leƙen asiri masu kama da mutane. Kafin gari ya waye maƙwabta sun zargi juna, wani ya harbe maƙwabcinsa cikin duhu, unguwa ta kama da jifa. A ƙarshe sai aka nuna baƙin halittun a kan tudu suna kallo: ba su taɓa kowa ba, wuta kawai suka kashe, mutane suka ƙarasa sauran da hannunsu. Amurkawa da suka ga zamanin Sanata McCarthy, lokacin da zargin kwaminisanci kaɗai ke raba mutum da aikinsa, sun gane inda aka dosa.

Wani labarin na wata mata ce da aka naɗe ma fuska a asibiti, ana ta yi mata aiki domin an ce muninta ya yi yawa. Da aka kwance ƙyallen, sai ga ta kyakkyawa, likitocin kuwa su ne masu fuskoki a murɗe. Amma da yake su ke da yawa, kuma shugaban ƙasarsu ya ce dole kowa ya zama iri ɗaya, ita aka kora daga gari. Cikin wata na huɗu na 1960 ya nuna labarin wani ɗan dambe da wani yaro mai ƙaunarsa, kusan duk ƴan wasan baƙaƙe, kuma labarin bai shafi launin fatarsu ba, abin da ba a cika gani ba a talabijin ta lokacin. Cikin 1961, shekarar da ake shari'ar Eichmann, ya kawo wani tsohon hafsan Nazi da ya koma sansanin Dachau yawon tuna baya, fatalwowin waɗanda ya kashe suka yi masa shari'a. Cikin 1964, ƴan watanni bayan kisan shugaba Kennedy, ya nuna wani gari da rana ta ƙi fito masa ranar da za a rataye wani mutum, saboda ƙiyayyar da ta cika zukatan mutanensa.

Ba duka ne na siyasa ba. Akwai labarin wani ma'aikaci ɗan shekara 36 da aiki ya gajiyar, ya taka zuwa garinsu, ya tarar da kansa cikin zamanin yarintarsa, iyayensa suna da rai. Ubansa ya gane shi, amma ya ce masa ya koma, domin wannan lokaci na yaron ne. Wanda ya tuna cewa Serling bai samu yin ban kwana da ubansa ba zai san daga ina labarin ya fito.

Shirin ya yi shekara biyar, zuwa 1964, aka nuna wasa 156. Cikinsu Serling ya rubuta 92 da kansa; sauran yawanci na Richard Matheson ne da Charles Beaumont da wasu. Don sauri, ba ya buga keken rubutu, faɗa yake yi cikin na'urar naɗar murya, yana kwaikwayon muryar kowane ɗan wasa, sakatariya ta buga. Shi ne kuma ke fitowa ya gabatar da yawancin labaran, sanye da kwat, sau da yawa da sigari a hannu, har fuskarsa ta zama sananniya kamar ta ƴan wasa. Gaskiya ita ce yawan aikin ya rage ma wasu labaran armashi, musamman na ƙarshe, kuma wani lokaci wa'azi yakan yi masa yawa. Shi da kansa ya amsa haka.

SHEKARUN ƘARSHE

Da shirin ya tsaya, Serling ya sayar ma CBS da rabonsa, yana zaton an gama cin moriyarsa. Ya yi kuskure babba, domin an ci gaba da maimaita wasannin shekara da shekaru, ribar ta tafi wurin wasu. Ya rubuta fim ɗin Seven Days in May na 1964, a kan hafsoshin da suka ƙulla juyin mulki a Amurka, ya kuma sa hannu cikin rubutun Planet of the Apes na 1968, wanda aka ɗauko daga littafin Bafaranshen nan Pierre Boulle. Cikin 1969 ya soma wani sabon shiri, Night Gallery. A cikinsa ne wani saurayi mai suna Steven Spielberg ya yi aikinsa na farko na shirya wasa a talabijin. Amma wannan karon Serling bai riƙe ikon shirin a hannunsa ba, sai ya koma gidan jiya: ana gyara masa rubutu, ana ƙin wasu, sunansa da fuskarsa kawai ake so.

Ya yi tallace-tallace don kuɗi, abin da ya dame shi a rai. Ya riƙa yawo makarantu yana magana a kan wariyar launin fata da yaƙin Biyetnam, wanda ya ƙi amincewa da shi, yana kuma koyar da rubutu a makarantar Ithaca. Sigari kuwa kwali uku ko fiye yake sha a yini. Cikin wata na biyar na 1975 ciwon zuciya ya kama shi. Aka yi masa aiki a wani asibiti na birnin Rochester, ya rasu ran 28 ga wata na shida, yana da shekara 50, da lambar Emmy shida.

A ƙarshen ransa yana shakkar ko za a tuna da aikinsa. Ga abin da ya biyo baya: an sake farfaɗo da shirin cikin 1985, da 2002, da 2019, wannan na ƙarshe kuwa wani baƙar fata ne, Jordan Peele, ya tsaya inda Serling ke tsayawa yana gabatarwa. Cikin 2013 ƙungiyar mawallafan fim da talabijin ta Amurka ta sa The Twilight Zone na uku cikin shirye-shiryen da aka fi iya rubutawa a tarihin talabijin ta ƙasar. Wasan nan kuwa na Emmett Till, yadda ya so shi tun asali, sai cikin 2008 aka karanta shi gaban jama'a a makarantar Ithaca, shekara 33 bayan rasuwarsa.

Matasanmu masu sha'awar rubuta wasan rediyo da na talabijin suna da abin ɗauka a nan. Serling ya rubuta abin da ya gani da idonsa, barikin soja da fagen dambe da ofis, shi ya sa aka gaskata shi. Da aka rufe masa ƙofa ya nemi taga. Lokacin da ya riƙe ikon aikinsa ya faɗi abin da yake so, lokacin da ya saki kuwa ya yi da na sani. Mu kuma masu kallo, in wasa ya ƙare sunaye suna wucewa, mu dakata kaɗan mu karanta sunan wanda ya rubuta shi.